Yadda Ake Adana Magani da Zubar da Wanda Ya Lalace a Gidan Kula da Tsofaffi

A gidan da ake kula da tsofaffi, magani ba ya yankewa. Baba na shan na hawan jini, Inna na allurar ciwon sukari, ga mai farfaɗiya, ga mai ciwon gaɓoɓi. In ba a tsaya ba, kafin a ankara durowa ta cika da ragowar ƙwayoyin da ba a san mai su ba.

A fara da wurin ajiya, domin zafi ne babban abokin gabar magani. Yawancin kwalaye na ɗauke da gargaɗin kada zafin wurin ya wuce digiri 25 ko 30, alhali a Kano da Sakkwato da Maraɗi zafin Afrilu kan haura 40. A zaɓi ɗakin da ya fi sanyi, mai silin, nesa da taga da kicin da banɗaki, a kafa kwaba mai makulli a bango. Makullin ya zauna a hannun mutum ɗaya. Mai aikin rana ya damƙa wa mai aikin dare hannu da hannu. Tramadol da diazepam da duk mai kodin su shiga wani ƙaramin akwati mai nasa kwaɗon a cikin kwabar, mutum biyu su ƙirga su duk lokacin canjin aiki, su sa hannu a littafi. Wasu ma'aikata kan ji kamar ana zarginsu. A ganina ƙirgar su take karewa, don ranar da ƙwaya ta ɓace littafi ne zai wanke su.

Sai a ware wa kowa robarsa, da sunansa a jiki. A bar ƙwaya a cikin katinta da kwalinta, kada a ɓare a zuba a leda: sunan magani da ƙarfinsa da lambar NAFDAC da ranar lalacewa duk a kwalin suke, kuma fararen ƙwayoyi da yawa kamarsu ɗaya.

Insulin da ba a buɗe ba yana buƙatar firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, a tsakiya, ba a jikin ƙofa ba, ba kusa da wurin ƙanƙara ba. Idan ya daskare ya tashi aiki, ko da ya narke ya koma kamar yadda yake. Kwalbar da aka fara amfani da ita kan yi kusan kwana 28 a wuri mai sanyi-sanyi. Inda wuta ba ta zama, dabarar tukunya cikin tukunya da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa na taimakawa: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da ɗanyen ƙyalle a inuwa. A saka kwalbar a roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta. Sanyinta bai kai na firji ba, don haka kwalbar da ake kan amfani da ita kawai za a sa.

Duk abin da aka buɗe, a rubuta kwanan wata a jikinsa nan take. Maganin ɗigawa a ido makonni huɗu ne bayan buɗewa. Garin amoxicillin da aka haɗa da ruwa mako ɗaya ne ko biyu, gwargwadon abin da kwalin ya faɗa.

Sau ɗaya a wata a fitar da komai a duba. A cire wanda ranarsa ta wuce, da wanda likita ya dakatar, da ƙwayar da ta canza launi ko ta yi laushi, da asfirin da ke warin tsami. A tara su a kwali daban cikin kwabar, a rubuta "Ba a sha".

Hanya mafi kyau ta rabuwa da su ita ce a mayar wa mai harhaɗa magunguna na asibitin da ya bayar. Masu sa maye irin su tramadol kam dole ta nan za su bi. Sauran, in mayarwa ta gagara, a fitar da su daga kati ba tare da an daka ba, a cakuɗa da jiƙaƙƙen yashi ko ganyen shayin da aka riga aka dafa, a ƙulle a leda mai kauri, sannan a kai shara, a kankare sunan mai maganin daga kwalbar. Kada a watsa su a bola haka nan, inda yara ke tone-tone; jajayen ƙwayoyin ƙarin jini kamar alewa suke, kuma suna iya kashe ƙaramin yaro. Kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya. Gwangwanin shaƙa na masu asma kan fashe a wuta, don haka ba a ƙona shi.

Allura kuwa, da an cire ta daga jiki ta faɗa akwatin allurai ba tare da mayar mata da murfi ba. In babu akwatin, jarka mai kauri ta isa. In ta cika kashi uku cikin huɗu, a rufe a kai asibiti.

Idan wani ya rasu ko ya koma gida, kada a ba maƙwabcinsa ragowar maganinsa don "ciwonsu ɗaya". A ƙirga abin da ya rage a gaban shaida, a shigar a littafi. Wanda ya koma gida a damƙa wa 'yan uwansa nasa, na mamaci kuma ya koma asibiti.