Ƙera Ƙananan Gine-ginen Gefen Layin Dogo: Darasi a Kan Ma'aunin Ragi

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu sha'awar shimfiɗa ɗan ƙaramin layin dogo a kan tebur, su kewaye shi da tashoshi da gadoji da ƙauyuka. A birnin Hambug na Jamus har akwai gidan kallo mai suna Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001 domin wannan sana'a. Gwanayen cikinsu sukan ƙera ɗakin mai gadin mararraba ko tankin ruwa da hannunsu, maimakon sayen na kanti. Sirrin aikin kuwa lissafi ne.

Ma'auni

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne HO, wato 1:87. Ma'anarsa, kowane tsawo na gaske a raba shi gida 87. Faɗin layin dogo da yawancin ƙasashe ke amfani da shi milimita 1,435 ne, saboda haka ƙaramin ya zama milimita 16.5. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, ke nan mai kwaikwayonsa zai nemi layi na milimita 12.

Mu ɗauki ɗakin mai gadi mai tsawon mita 3.5 da tsayin mita 2.6. A mai da su milimita, a raba da 87: bango zai zama milimita 40 da 30. Ƙofa mai mita 2 za ta koma milimita 23, mai gadin kansa kuma kimanin milimita 20. A kula da kauri ma: tsinken ashana mai milimita 2 daidai yake da katako mai santimita 17, don haka ginshiƙi zai yi, ya yi wa sandar taga kauri.

Abin mamaki yana wajen ciki. Tun da tsawo da faɗi da tsayi duk an rage su, abin da tanki ke ɗauka yakan ragu sau 87 x 87 x 87, wato 658,503. Tankin lita 10,000 ba zai ci fiye da babban cokali guda na ruwa ba.

Yadda ake aikin

Kayan aiki su ne kwali mai kaurin milimita 1, reza, rula ta ƙarfe, gam, tsinken ashana da fenti. A zana bango huɗun a kan kwali, a fara huda ƙofa da taga kafin a yanke bangon, domin guntun kwali saurin yagewa gare shi. A riƙa bin layi da reza a hankali sau uku ko huɗu, yatsu na nesa da bakinta. A manna tsinke cikin kowace kusurwa don ta tsaya daidai. Rufin kwano kuwa, a danna takardar alminiyum a kan zaren dogon noti, sai ta yi kwari da tudu.

Idan aka shafa fenti a fuska ɗaya kawai, zaren kwalin wannan gefe zai sha ruwa ya kumbura, bango ya lanƙwashe. Maganinsa a shafe ciki da waje.

Aikin aji

Malami ya sa ɗalibai su auna ajinsu, su fitar da girmansa a ma'aunin HO, sannan a ma'aunin N, wato 1:160. Wanne zai fi cin kwali, kuma da ninki nawa?