Kafin Ka Buɗe Buhun Yuriyar Nan

Ɗana, zo ka zauna. Na ji ka sayi yuriya, ka kuma kama layin tarakta tun ruwan fari bai sauka ba. Madalla, Allah ya sa albarka. Sai dai ka ba ni aron kunnenka kaɗan.

Gonakinmu na tudu, daga Shanga har Wara, da yawansu jigawa ce. Ƙasa ce marar nauyi. In tarakta ta yi ta bin ta kowace shekara har ta koma gari, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya kwashe samanta ya kai Kwara. A saman nan kuwa albarkar take. Can ƙasa, inda faifan tarakta ba ya kaiwa, wuri ya daddage, saiwa ta kasa ratsawa. Ba na ce ka bar huɗa ba. Ka dai sassauta. Ka yi kunya a gicciye, kada ta bi gangare. Karan dawa da na masara kuma ka bar cinna musu wuta, su ruɓe a inda suka tsiro.

To, sai yuriya. Taki ne mai ƙarfi, kashi 46 cikin ɗari nasa naitirojin ne, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar. Amma in ka watsa shi a fili rana na duka, wani kaso ya bi iska ke nan. Ka tona ɗan rami gefen shuka lokacin da ƙasa ke da laima, ka zuba, ka rufe. Kada ka ba da shi duka rana ɗaya. Masara ta fara samun kamfa tana ƙarama, yuriya ta biyo baya in ta kai gwiwa.

Yawan yuriya ma ɓarna ne. Shinkafa ta yi tsawo ta kwanta a ruwa. Albasar nan da aka san Yawuri da ita, in ta sha yuriya dab da cira, sai wuyanta ya yi kauri, ta ruɓe a ajiya kafin farashi ya tashi. Kuma tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, mutanenmu ke bin ruwa da shuka in ya janye. Abin da ka zuba fiye da kima a wannan gaɓar, tafki ne zai sha, ya ciyar da kainuwar da ke sarƙe komar ɗan'uwanka Basarke.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙasar da babu ruɓaɓɓen ganye ko kashin dabba a cikinta ba ta iya riƙe takin zamani. Shekara da shekaru na yuriya kaɗai sai ta yi tsami, buhu ya ƙaru, dami ya ragu, ƙuduji ya samu wurin zama.

Bana ka ware gefe guda. Ka yi magana da makiyayi ya kwantar da shanunsa a wurin da rani. Ka shuka wake ko gyaɗa, baɗi ka mayar da masara, sannan ka zo mu ƙirga buhunan tare.