Wane Launi Ya Fi Dacewa da Idonka a Fuskar Waya?

Mai karatu, idan idonka na zafi ko yana ƙaiƙayi bayan dogon karatu a waya, fara duba launin da ke bayan rubutun da kuma ƙarfin hasken.

Da rana, ko a ɗaki mai haske, zaɓi baƙin rubutu a kan fari ko ruwan madara. Haske yana sa ƙofar baƙin ido ta tsuke, haruffa su fito fes. Da dare kuwa, musamman idan an ɗauke wuta, farar fuskar waya tana dallare ido kamar tocila. Rage hasken, ko ka koma baƙin bango. Amma wanda yake ganin fitilun mota suna bazuwa da dare zai iya ganin farin rubutu a kan baƙi yana dishi-dishi. Shi ruwan madara mai sassaucin haske ya fi masa.

Guji jan rubutu a kan shuɗi, ko ruwan toka a kan fari.

Launi kaɗai bai isa ba. Mai kallon waya yana rage ƙifta ido, shi ya sa idon ke bushewa, balle lokacin hunturu. Duk bayan minti 20, kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Ƙara girman haruffa maimakon kusanto da waya.

Idan ciwon kai ko hazo-hazon gani ya ƙi tafiya, je wurin likitan ido. Rigakafi ya fi magani.