Ɗaurin Rai da Rai: Abin da Yake Nufi a Dokar Najeriya

Ɗaurin rai da rai hukunci ne da ba a yanka wa ranar fita ba. Wanda alƙali ya yanke wa shi zai zauna a gidan gyaran hali har ƙarshen rayuwarsa, sai fa in kotun sama ta soke hukuncin, ko an yi masa afuwa, ko kotu ta sake shi bisa sharaɗi. Kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi shi ga kisan da bai kai ga hukuncin kisa ba. Dokar haramta cin zarafin mutane ta 2015 kuma ta sa shi a kan fyaɗe.

Tambayar da lauyoyi suka fi sha daga dangi a harabar kotu ita ce: shekara nawa ke nan? Da yawa sun riƙe cewa ashirin ce. Asalin wannan magana sashe na 70 na kundin ne, inda aka ƙaddara rai da rai a matsayin shekara 20 idan za a fitar da wani kaso na hukunci, kamar rabinsa ga wanda ya yi yunƙurin laifi. Lissafi ne kawai. Babu ƙofar da ke buɗewa da kanta ranar da ashirin ta cika. Haka rangwamen sulusi da ake yi wa mai kyakkyawan hali, wanda ya haifar da jita-jitar cewa dare daban rana daban ake ƙirgawa a gidan yari, na masu wa'adi ne. Wanda ba shi da wa'adi, me za a rage masa?

Manyan hanyoyin fita biyu ne. Ta farko ɗaukaka ƙara, kuma kwana 90 doka ta bayar daga babbar kotu zuwa kotun ɗaukaka ƙara, kwana 30 daga can zuwa Kotun Ƙoli. A nan iyalai suke yin sake: sai su ɓata watanni suna neman wanda ya san wani, lokaci ya wuce, a koma roƙon kotu ta ƙara wa'adi. Ta biyu afuwa ce, ta shugaban ƙasa a ƙarƙashin sashe na 175 na tsarin mulkin 1999, ko ta gwamna a sashe na 212 idan dokar jiha aka karya. Afuwa alfarma ce, ba a tilasta ta.

Duk iyalin da wannan hukunci ya faɗa wa, su nemi kwafin hukuncin a makon farko. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tafi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a na jiharsa.