Littattafan da Za Ka Nema Kan Tarihin Kumbo Mai Fukafukai

Mai karatu, in kana son sanin yadda aka ƙera kumbon da ke zuwa sararin samaniya ya dawo ya sauka kamar jirgin sama, fara da waɗanda suka gani da idonsu. Milton Thompson ya tuƙa X-15, jirgin gwajin Amurka da ya tashi sau 199 tsakanin 1959 da 1968, kuma littafinsa At the Edge of Space zai zaunar da kai a kujerar matuƙi, ka ji abin da ya ji.

Sannan ka nemi The Space Shuttle Decision na T. A. Heppenheimer, wanda hukumar NASA ta sa a intanet kyauta. Shi zai nuna maka yadda ƙarancin kuɗi ya sauya fasalin kumbon Shuttle na Amurka tun kafin kumbon Columbia ya tashi a 1981.

Kada ka tsaya a Amurka. Energiya-Buran na Bart Hendrickx da Bert Vis ya bi diddigin kumbon Tarayyar Sobiyet, wanda ya tashi sau ɗaya tak a 1988 babu mutum a ciki.

Kafin ka saya, duba ƙarshen littafin. In babu madogara, ajiye shi. In bai taɓo hatsarin kumbon Challenger na 1986 ba, rabin labarin Shuttle ya ba ka.