Darasi: Sana'ar 'Yar'uwarki Amana Ce A Hannunki

'Yar'uwa, darasinmu na wannan fitowa a kan sana'ar cikin gida ne, amma ba yadda ake kwaɓa alkaki ko haɗa humra za mu tattauna ba. Tambayarmu ita ce: me ya sa mace za ta fara sana'a, ga tsafta ga iyawa, amma kafin wata shida ki ji an ce jari ya karye? Mukan ce hassada ce ko rashin sa'a. To amma in kin duba da kyau, sau da yawa mu maƙwabta da dangi mu ne muka cinye jarin, ba tare da mun sani ba.

Mu ɗauki unguwar Mandawari da ke cikin birnin Kano a matsayin misali. Unguwa ce mai tsohon tarihi, domin masana na danganta sunanta da ɗaya daga cikin malaman Wangarawa da suka zo Kano zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), mutanen da suka haɗa ilimi da fatauci. Ga ta kuma kusa da Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa. Amma akwai wata kasuwar da ba ta da rumfa. Shiga lungu ki ƙirga: gidan nan taliya 'yar murji, na gaba ɗan wake da awara, wancan ɗinkin hula, ga mai turaren wuta, ga mai dubulan da nakiya na gara. Da kuɗin wannan kasuwa ake yin kayan ɗakin 'ya'ya mata, da shi ake sayen magani, kuma shi ne ke rufa wa mace asiri ranar da mutuwa ko saki ya bar ta da yara.

Darasi Daga Madina

Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, an haɗa Abdurrahman bin Auf da Sa'ad bin Rabi'i (RA). Sa'ad ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Da ɗan cuku da man shanu ya fara dawowa, daga baya ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Kin ga ke nan ba kullum kyauta mai sana'a ke buƙata ba. Abin da ta fi buƙata shi ne mutanen da za su nuna mata hanya, su saya, su biya. Ga hanyoyi biyar da za mu zama irin waɗannan mutane.

Na Farko: Biyan Bashi

"Ba ni kwano biyu, in Baban su Abba ya dawo zan aiko." Wannan magana ta karya mata da yawa. Wadda jarinta naira dubu 20 ne, in mutum biyar suka riƙe mata dubu bibbiyu, rabin jarin ya tafi, ga kunya ta hana ta tambaya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da sa masa lokaci ta sauka. Saboda haka sayen littafi ɗan ƙarami ki rubuta wane da wance ba rowa ba ce, bin umarni ne. Ke kuma mai ci, ki biya kafin a aiko miki yaro.

Na Biyu: A Daina Kwaikwayon Juna

Da an ga wance tana ciniki a zoɓo, sai gida huɗu a layi ɗaya su fara zoɓo, kowa ta rage farashi, a ƙarshe duk a yi asara. Me zai hana ki tambayi kanki abin da mai zoɓon take buƙata? Tana buƙatar ƙanƙara, da robobi, da citta da kanumfari. In kin ɗauki ɗaya daga ciki, cinikinta ya zama naki, kuma kowaccenku za ta riƙa yi wa ɗaya fatan alheri da gaske.

Na Uku: Adashi Mai Manufa

Adashi gadonmu ne, amma yawancinsa a anko da biki yake ƙarewa. Ku ware wani na jari zalla. Mata goma masu zubin dubu biyu duk mako, kowace za ta kwashi dubu 20 in layi ya zo kanta. In kuma kowace ta ƙara naira 200 a wani asusu daban, a shekara kun tara dubu 104, wanda za a riƙa ranta wa wadda injinta ya lalace ko ta tashi daga jinya, ba tare da ƙarin ko sisi ba. Uwar adashi kada ta riƙe kuɗi da littafi ita kaɗai. Ɗaya ta riƙe kuɗi, ɗaya ta rubuta, a karanta a gaban kowa.

Kada ki raina wannan. A birnin Lahore na Pakistan, a 2001, Dakta Amjad Saqib da abokansa suka fara ƙungiyar Akhuwat da rancen rupi dubu 10 ga wata mata da mijinta ya rasu, babu kuɗin ruwa. Daga 'yan'uwantakar Madina suka samo sunan, a masallatai suke raba rancen, kuma tun daga lokacin miliyoyin iyalai sun amfana.

Ita kuma wadda Allah ya hore wa kuɗi amma ba ta da lokaci, fiƙihu ya buɗe mata ƙofar ƙirali, wanda wasu ke kira mudaraba: ke da kuɗi, ita da aiki, a raba riba bisa kason da aka yarda tun farko, kamar rabi da rabi. Ba ya halatta ki yanke mata cewa duk wata sai ta kawo dubu kaza. In an yi asara ba da sakacinta ba, kuɗinki ne ya ragu, ita kuma wahalarta ta tafi. Ki nemi bayani wajen malamarku ta Islamiyya kafin ku ƙulla.

Na Huɗu: Sari Tare

Mai sayen fulawa kwano-kwano a kantin bakin layi, ribarta mai kanti take yi wa. Amma in mata biyar sun haɗa kuɗi, aka aiki mutum ɗaya amintacce Kasuwar Singa ya yo sarin buhun fulawa da sukari, ko Dawanau don wake da gyaɗa, ko Kantin Kwari don atamfa, an samu farashin sari kuma kuɗin mota ɗaya aka biya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye ribar ƙaramar sana'a.

Na Biyar: A Sauke Wa Yarinya Farantin Talla

A ƙarshen shekarun 1970, wata mai bincike 'yar Amurka, Enid Schildkrout, ta zauna da matan Kurawa da Ƙofar Mazugal, ta nuna cewa sana'ar matan kulle a kan tallan yara ta dogara. A lokacin uwa ba ta da wata hanya. Yau kuwa akwai waya a hannunki. Ku buɗe zauren WhatsApp na matan unguwa ko na ajinku na Islamiyya, kowace ta sa hoton kayanta da farashi, a tura kuɗi ta banki, a kai kaya bayan an tashi daga makaranta. Ribar da za ta hana 'yarki karatu, ko ta kai ta tasha da dare, ba riba ba ce. Wadda ta iya karatu da latsa waya kuma ta koya wa wadda ba ta iya ba, kamar yadda Nana Asma'u 'yar Shehu ta riƙa tura jajis su kai wa mata ilimi har garuruwansu.

Game Da Maigida

Ki yi komai da saninsa da yardarsa, domin sana'ar ɓoye ba ta kawo zaman lafiya. Amma ki sani dukiyarki taki ce a shari'a, ciyarwa kuma wajibinsa ne. In kin taimaka sadaka ce, in kin ranta masa ku rubuta cikin mutunci. Uwar kuɗi dai kada ta shiga tukunya.

Aikin wannan wata: ki duba ko akwai mai sana'ar da ke bin ki bashi, ki biya ta kafin Juma'a. Sannan ki samu mata huɗu da kika yarda da amanarsu, ku zauna ku karanta wannan darasi tare, ku zaɓi abu ɗaya ku fara da shi. Allah ya sa albarka a neman halalinmu, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.