Tantance Kifayen Dangin Karfasa da Zaɓen Abokan Zamansu a Tankin Gilashi

Gabatarwa

Duk mai ziyartar masunta a madatsar ruwa ta Muhammadu Ayuba da ke Kazaure ya san karfasa, amma ƙalilan ne suka san cewa danginta, waɗanda masana ke kira Cichlidae, suna cikin kifayen ado da aka fi nema a duniya. Wannan muƙala ta duba yadda mai sha'awar kiwon su a gida, a Achilafiya ko Roni ko Ɓaɓura, zai gane su, ya kuma guje wa asarar da haɗa kifayen da ba sa jituwa ke jawowa.

Alamomin Dangin

Abubuwa uku ne suka fi bambanta dangin karfasa: ƙofar hanci guda a kowane gefen fuska, layin gefen jiki da ya katse gida biyu, da doguwar ƙayar baya mai tsini a gaba da taushi a baya.

Ire-iren da Ke Ruwayen Arewa

Oreochromis niloticus tana da zane-zane a tsaye a kan wutsiya, kuma macen ce ke riƙe ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe. Sarotherodon galilaeus ta fi haske, uwa da uba duka suna iya ɗaukar ƙwai a baki. Coptodon zillii kuwa cikinta kan yi ja lokacin haihuwa, tana zuba ƙwai a ƙasa, iyayen biyu su tsare su, kuma tana cinye tsirran da aka dasa a tanki. Hemichromis fasciatus ana gane ta da baƙaƙen tabo biyar a gefe. Mafarauciya ce, ba ta barin ƙananan kifaye.

Na Ƙetare da Na Kudu

Tafkin Malawi na ɗauke da ɗaruruwan nau'o'i, ciki har da mbuna masu zama a duwatsu da tsananin kare muhallinsu. Ruwan Malawi da na Tanganyika mai gishirin ma'adinai ne, ma'aunin pH ɗinsa kusan 8 ko sama. Sai Pelvicachromis pulcher ta kudancin Nijeriya da Kamaru, wadda tsawonta bai cika wuce santimita 10 ba, ta fi sauƙin hali, kuma ta fi son ruwa mai laushi. Saboda haka ba a haɗa ta da mbuna.

Ƙa'idojin Haɗawa

Na farko, a haɗa masu buƙatar ruwa iri ɗaya. Na biyu, girmansu ya zo kusa da juna, domin kifin da ya shiga bakin wani ya zama abincinsa. Na uku, namiji ɗaya ga mata uku ko huɗu yana rage faɗa tsakanin mbuna. Na huɗu, a jera duwatsu da fasassun tukwane domin kowa ya samu maɓoya. Kurungu abokin zama ne nagari, domin yana zama a ƙasa kuma ƙayoyinsa na kare shi. Tarwaɗa da giwan ruwa kuwa ba su dace ba. Tarihi ya nuna haka: giwan ruwa da aka saka a tafkin Victoria a shekarun 1950 ya taimaka wajen ɓacewar nau'o'in wannan dangi masu yawa.

Haka nan zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 28, abin da ke buƙatar kulawa a lokacin hunturu.

Kammalawa

Kafin a sayi kifi ko a karɓo shi daga hannun masunci, a duba wutsiya da tabon jiki, a san irin ruwan da ya fito. Kifin da ya gagara zama kuma a mayar wa mai sayarwa, kada a sake shi a dam ko kududdufi, domin baƙon kifi na iya ɓata abin da masuntan yankin suka dogara da shi.